Allon da Ya Ƙi Faɗuwa

Usta Jibirin ya ɗaga guduma da hannu biyu ya sauke ta a ƙafar allon gargaɗin titi da ya ƙera. Ƙarar ta kori tantabarun da ke kan rumfar mai shayi, amma allon ko gezau. Ya sake zabga masa, don waɗanda suka makara su ma su gani.

"To, ga shi nan," ya ce da mutanen da suka taru a ƙofar maƙerarsa. "Mai ja ya zo ya amshi guduma."

Ba wanda ya taɓa gudumar. Wa zai ja da Usta Jibirin a kan ƙarfe a Mai Wurno, shi da ake wa laƙabi da Usta, wato gwanin sana'a? Kakansa maƙeri ne da ya biyo ayarin hijira daga ƙasar Sakkwato da uwar maƙera a bayan jaki, kuma har yau tana nan a kusurwar shagon, ta yi sulɓi don tsufa. Shi dai injin walda ya ƙara a kan gadon. Duk abin da ya fita daga hannunsa, fartanya ce ko ƙyaure ko amalanken jaki, yana ɗauke da tambarin gidan, ɗan zane mai kama da sawun kaza. A garin ana cewa abin da ke da sawun kaza sai dai ya ɓace, ba dai ya karye ba. Usta kuwa bai taɓa jin wannan magana ya ce a daina ba.

Allunan suna jere a rana, fentinsu ja da fari yana ɗaukar ido. Kamfanin da ke gyaran titin Sinnar zai fasa kwalta a bayan gari ya sa kwalbati kafin damina, yana bukatar allunan gargaɗi da za a jera tun kafin a kai ramin. Waɗanda aka sayo daga waje sun maƙale a tashar jiragen ruwa. Sai aka yarda maƙerin gida ya ƙera, muddin ya bi zanen da aka ba shi, kuma injiniya mai duba kayan kiyaye haɗari ta sa hannu. Injiniyar nan ita ce Mawada, 'yarsa ta uku. Ba ita ta ba shi aikin ba. Ta ma roƙi ofishinsu a turo wani ya duba, aka ce mata babu wani.

Zanen kam Usta ya duba shi ya yi tsaki. Bututu siriri kamar karan dawa, allo na falle ɗaya marar kauri, ƙafafu kuma a ɗaure da 'yan kusoshi biyu da ko a ƙyauren akurki ba zai sa ba. Ya ɗauka rowa ce irin ta mutanen birni. Tunda kuwa aikin 'yarsa ne, ai ba zai bari a yi mata dariya ba. Ya nemo tsohon ƙarfen layin dogo na jigilar auduga, ya yanko allo mai kauri, ya narka walda ciki da waje a inda zanen ya ce a sa kusa, ya dasa kowanne cikin taya cike da siminti. Bai nemi ƙarin komai ba, kyauta ce daga uba.

"Maƙeri, wanga allo na ko ƙohwar kurkuku?" in ji Ɗan'auta daga kan bencin mai shayi. Taubashin Usta ne, direban bas ɗin da ke zirga-zirga tsakanin Mai Wurno da Sinnar, kuma shi kaɗai ke da izinin yi masa ba'a a bainar jama'a.

"Ranar da ka ƙera ko allura, zo mu yi magana," Usta ya ce, bai ko waiwaya ba.

Da hantsi farar motar ofis ta tsaya. Mawada ta fito da mayafi da rigar aiki mai ruwan ɗorawa a sama, tef ɗin awo a hannu. Ta durƙusa ta gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya, ta gaida mahaifinta. Shi kuwa sai gyaran rawani yake yi yana duban mutane, kamar akwai wanda bai san 'yar wa ce ba.

"Muhandisa, ga aikinki," ya ce. Tun ranar da ta gama jami'a, da wannan sunan na injiniya yake kiranta.

Ta zagaya allo na farko. Ta tsuguna ta shafa waldar, ta tura tayar da ƙafa, ta auna kaurin ƙarfen. Ta wuce na biyu, ta yi masa kallo ɗaya ta dawo. Sabuwa, mahaifiyarta, tana tsaye a bakin zauren gida da tiren gahawa. Ita ce ta fara gane akwai magana, don ta san wannan cizon leɓen tun yarinyar tana goye.

"Baba, ina kusoshin da ke cikin zanen?"

"Na hidda su. Na gyara muku."

"Don Allah, Baba, mu shiga ciki."

"A'a. Aikin da anka yi gaban jama'a, gaban jama'a aka yaba shi. Hwaɗi nan."

Ta fara da Larabci, don idan magana ta yi mata nauyi can harshenta ke gudu, kamar sauran yaran yanzu. Ya ɗaga mata hannu.

"Da Hausa. Nan ba ofis ba na."

Ta koma Hausa. "Ba zan sa hannu ba, Baba. Sun yi ƙarfi da yawa."

Sai Ɗan'auta ya ƙyalƙyale da dariya har shayi ya sarƙe shi, sauran ma suka biyo baya. An taɓa jin an kushe maƙeri don ha'inci, ko don saɓa alkawari, amma don ƙarfin aiki? Wannan sai a wurin 'yan boko. Usta shi ma ya yi ƙoƙarin dariyar, ta ƙi fitowa. Maganar ta soke shi, kuma abin da ya fi ciwo, daga bakin da ya fi so ya ji yabo ta fito.

"Ƙarhi ya zama aibi yau?" ya ce.

"Allon nan ba katanga ba ne, Baba," ta ce, muryarta a ƙasa. "Aikinsa ya yi wa direba magana daga nesa, shi ke nan. In direban ya yi gyangyaɗi, ko taya ta fashe ya buge shi, so ake ya karye a wurin kusoshin nan ya kwanta, mota ta wuce. Irin na cikin zanen an gwada shi da motoci na gaske, an ga abin da yake yi wa mutanen ciki, shi ya sa aka yarda da shi. Wannan ba wanda ya gwada shi."

"To, a gwada shi."

"Baba…"

"Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ko ba ku kunka ce gwaji ba? A kawo mota."

Abin nema ya samu. Ɗan'auta ya miƙe tsaye yana share hawayen dariya. A bayan maƙerar akwai gawar wata tsohuwar a-kori-kura ta Ɗan'autan, babu inji, kaji na ƙwai a cikinta, ya ƙi sayarwa shekara da shekaru wai zai tashe ta. Ya ce ya ba da ita sadaka, in dai zai ga ƙarshen wannan rigima ta uba da ɗiya.

Mawada ta so ta hana, ta duba fuskar mahaifinta ta ga ba hali. Sai ta kafa sharuɗɗanta. Ba mai shiga motar. Za a ɗaure sitiyari da igiya. Kowa zai tsaya bayan shingen lambun mangwaro, babba da yaro. Kuma ko me aka gani, wannan wasa ne ba gwajin hukuma ba, hukuncinta na nan yadda ta faɗa.

Kafin a hura tayoyin da famfon keke, labari ya gama gari. Aka turo motar zuwa gangaren da amalanke ke bi su sauka kogi ɗibar ruwa, hanya miƙaƙƙiya mai ƙarewa a shimfiɗar yashi. Majiya ƙarfi huɗu suka sha wuya kafin su sauke allon daga amalanke su tsayar da shi a gindin gangaren. Usta yana jin nishinsu yana murmushi.

"Mota ba ta tahiya ba sawwag," in ji Ɗan'auta, yana nufin direba. Ya cusa buhun ɓawon gyaɗa a kujerar direba, ya aika gidan Usta a ɗauko kankana. Sabuwa ta biyo kankanar tana faɗa, don ta baƙi ce ta ajiye a gindin randa tun jiya. Ya ɗora ta a kan buhun, ya tuɓe farar hularsa ya kafa mata.

"Wallahi ta hi ka kama da mutum," Usta ya ce. Aka yi ta dariya, har da Mawada kaɗan.

Samari suka tura daga sama suka saki. Motar ta fara gangarowa a hankali tana ƙara kamar mai ciwon baya, sannan ta ɗauki gudu, gashin kaji na tashi daga bayanta. Ta zo ta daki allon. Ƙarar ta kai har tsallaken kogi. Gindin motar ya ɗaga ya dawo ya dira, ƙura ta turnuƙe.

Da ƙurar ta lafa, ga allo nan a tsaye. Ya ɗan sunkuya, tayar simintin ta ja ƙasa, amma bai faɗi ba, bai karye ba. Gaban motar ne ya naɗe a jikin ƙarfen kamar an matse gwangwani.

Jama'a suka ɗauki sowa. Mata suka rangaɗa guɗa daga bayan shinge. Wani tsoho mai suna Mahadi, wanda ya san mahaifin Usta, ya ɗaga sandarsa sama yana cewa sawun kaza bai taɓa ba da kunya ba. Usta Jibirin ya taka zuwa wurin a hankali, hannu a baya, ƙirji a gaba. A ransa yana shirya abin da zai ce wa 'yarsa, magana mai taushi, don ba ya so ya kunyata ta da yawa.

Ya shafa waldarsa, ko tsaga babu. Sannan ya leƙa cikin motar.

Saman allon, wannan falle mai kauri da ya zaɓa da kansa, ya sunkuyo ya fasa gilashi ya shige har kan kujera. Buhun ya fashe a kan sitiyari. Kankanar ta rabe, jan cikinta ya fantsama a rufi da ƙofa, yana ɗiga a kan kujerar da ke gefe. Gefen allon da ya yi wannan aiki yana nan da kaifinsa, fentin ma bai kankare ba.

Ɗan'auta ya iso yana dariya, ya sa hannu ta taga don ya ɗauko hularsa. Ya fito da rabi. Ya tsaya yana juya ta a hannu, dariyar ta tafi.

"Ɗazu tana bisa kaina," ya ce, ba da wasa ba.

Usta kuwa hankalinsa ba ya kan hular. Kujerar gefen yake kallo. A bas ɗin Ɗan'auta, kamar kowace bas a wannan hanya, kujerar gaba ta girmamawa ce. Dattijo ake ba, ko mace mai ciki, ko marar lafiya da za a kai asibitin Sinnar. Shi kansa ba ya zama ko'ina sai nan. Nan Sabuwa ke zama duk wata idan za ta ga likitan sukari. Kuma da asuba Ɗan'auta ke fita, ido da sauran barci, ta daidai inda za a fasa kwaltar.

Mutane sun kewaye shi, wani ya kama hannunsa ya ɗaga sama. Tunda yake bai taɓa shan yabo irin na yau ba, kuma bai taɓa jin yabo ya yi masa ɗaci haka ba. Ya nemi Mawada da ido. Tana can gefe ita kaɗai, kanta a sunkuye, tana naɗe awonta. Ba ta dube shi da idon "ai na faɗa" ba. Tausayinsa take ji, shi kuwa da ta yi masa gori da ya fi masa sauƙi.

Ya zare hannunsa. "Ku kwashe shi," ya ce, ya juya ya hau gangaren.

Bayan azahar Sabuwa ta same shi zaune a kan kututture gaban uwar maƙera, ko wuta bai hura ba. Ta ajiye kisira, siririyar wainar dawa, da miyar kuɓewa.

"Ci, Usta."

"Gaban jama'a ta ce aikina bai yi ba."

"Ta ce ku shiga ciki. Ni da kunnena na ji. Kai ka ce nan." Ta gyara mayafi. "Wanzami dai ba ya son jarfa. Shekara nawa kana maida wa mutane aikinsu kana cewa a sake? Taurin kan nan kuma ba daga dangina ta ɗauko shi ba."

Ya dubi abincin. Gaskiya ce, ya sani. Ya tuna ranar da wani babban mutum ya aiko a yi masa ƙyauren shago da ruɓaɓɓen ƙarfe, ya ƙi, aka yi ta roƙo, ya ce ko Sarki ne ba zai sa tambarinsa ba. Gari ya daɗe yana zancen. To, yau ga wadda ta ƙi, ba ma wa babban mutum ba, wa ubanta, a ƙofar shagonsa, gaban abokansa. Ya ji wani abu ya cika masa ƙirji wanda ba fushi ba ne.

"Tana ina?"

"Tana zaure. Ita ma ba ta ci ba."

"Kira ta. Ta zo da zanen."

Suka yi aikin tare, ita da awo, shi da zarto. Akwai siririn bututu a bayan shago wanda ya ajiye don gadajen yara, akwai fallen da kamfanin ya aiko tun farko, wanda shi Usta ya jefar a kusurwa. Nan Usta ya gano abin da bai zata ba: ƙera abu marar ƙarfi daidai wa daida ya fi ƙera mai ƙarfi wuya. Hannunsa sai ƙaiƙayi yake yi. Ya ɗauko kusa mai ɗan kauri, ta girgiza kai. Ya ce bari ya ɗiga walda ɗigo ɗaya tak a bayan ƙafar inda ba mai gani.

"Mota za ta gani, Baba."

Ya ajiye sandar waldar. Can kuma ya ce, "To, iska hwa? Hadarin hwarko na damina zai kwashe wanga abu ya kai shi har Sinnar."

"Buhun yashi za a ɗora a kan ƙafafun, ƙasa-ƙasa. In mota ta buga, buhu ya fashe, yashi ya zube."

"Ba dutse ba?"

"Ba dutse, ba siminti."

Ya yi ƙwafa, amma ya ci gaba. Ya goge bakin fallen da magagari har ya yi laushi, ya ɗaure kusoshin biyu, ya tsayar da allon. Da hannu ɗaya ya ɗaga shi. Kunya ta kama shi kamar wanda ya fito ba riga.

Mawada ta auna ko'ina, ta sake aunawa. "Tamam. Wannan ya bi zane. In sauran suka zama haka, na sa hannu."

"A kai shi gangare."

"Ba sai an yi ba, Baba. An riga an gwada irinsa." Ta rage murya. "Zai faɗi. Za su yi dariya."

"Na sani. Gari ya ga na hwarko ya yi guɗa. In munka tsaya nan, gobe duk wanda anka ba irin wanga aiki zai zuba siminti ya ce haka Usta ya yi. Sai sun ga na biyu."

Bayan la'asar mutanen da suka taru sun fi na safe. An jawo motar sama da tarakta, an buɗe gabanta da guduma har tayoyin suka samu juyawa. A madadin gilashi aka manna takardar buhun siminti, don a ga ko wani abu zai shiga. Sabuwa da kanta ta kawo kankana ta biyu, ta ce ita ce ta ƙarshe, wanda ya fasa ta shi zai yi wa baƙi bayani. Ɗan'auta ya ce shi kam ba shi da sauran hula. Usta Jibirin ya kwance farin rawaninsa, ya naɗa wa kankanar da hannunsa, naɗi mai kyau irin na zuwa Juma'a. Ya koma bayan shinge da kai ba komai, furfura a waje.

Aka saki motar. Ta gangaro, ta ɗauki gudu, ta iso. Ƙas! Abin da aka ji ke nan, kamar an karya kara. Allon ya kwanta, buhunan yashi suka fashe, motar ta bi ta kansa ta wuce, ta je ta tsaya a cikin yashi don kanta.

Dariyar da Mawada ta faɗa ta zo, har ta fi yadda ta zata. Samari na fito, wani na cewa ko akuya ta ture wannan. Tsoho Mahadi ya girgiza kai ya ce Allah Ya jiƙan mazan jiya, da uban Jibirin na da rai da bai ga wannan rana ba. Usta ya ji shi sarai. Ya fito daga bayan shinge, ya wuce allonsa da ke kwance bai tsaya ba, ya nufi motar. Takardar na nan a manne, ko huda babu. Ya buɗe ƙofa, ya warware rawaninsa ya mayar kansa, bai yi gaggawa ba. Sannan ya ɗauko kankanar da hannu biyu ya ɗaga ta sama, ya juya da ita dama da hagu.

Dariyar ta ragu, ta mutu. Waɗanda suka leƙa motar da safe su suka fara yin shiru.

"Ɗan'auta," ya ce, "zo ka amshi kanka."

Aka kawo wuƙa. Usta ya yanka, ya miƙa wa tsoho Mahadi yankin farko. Tsohon ya karɓa, ya dubi allon, ya dubi kankanar, sannan ya sha. Sauran aka rarraba har inda ta kai.

Mawada ta tsuguna wurin allon tana duba inda ya rabu. Kusoshin biyu sun katse tsaf, bututun ya ɗan lanƙwashe, fallen bai yage ba. Sabbin kusoshi kawai yake bukata ya koma bakin aiki. Mahaifinta ya zo ya tsaya a kanta.

"Ya karye inda anka ce?"

"Daidai wurin, Baba." Ta ɗago ta dube shi. "Na ga ba ka sa masa tambari ba. Ba dole ba ne. Ba wanda zai san na wane ne."

Don ta rufa masa asiri ta faɗa, ya gane. Ya sa hannu a aljihun jallabiya ya fito da ɗan ƙarfen tambarin, wanda kansa ya baje don shan guduma tun zamanin kakansa. Ashe tun daga shago yake tafe da shi. Ya tsuguna ya nuna faffaɗan ƙarfen ƙafar, dab da ramin kusar da ta katse.

"In anka buga nan, ya saɓa ma ƙa'idarku, Muhandisa?"

Ta duba da gaske, ba don ta faranta masa ba. "Bai saɓa ba."

"Maƙeri," in ji Ɗan'auta, baki cike da kankana, "gobe tun daga nan har Sinnar sai na gaya ma kowane fasinja ƙirar Jibirin ta hwaɗi da bugu guda."

"Gaya musu. Ka ƙara da cewa na hwarkon ya tsaya, ɗiyata ta ƙi shi, gaban jama'a. Kada ka manta wannan."

Ya sa aka miƙo masaba, gudumar maƙera, daga amalanke. Ya dafa ƙafar allon a kan wani dutse, ya kafa tambarin, ya riƙe shi da yatsu uku. A maƙera mai riƙo yatsunsa yake ba mai bugu amana, kuma tun rasuwar mahaifinsa Usta Jibirin bai sake riƙe wa kowa ba. Shi ke riƙo, shi ke bugu. Ya miƙa wa Mawada masabar.

"Baba, ban taɓa ba."

"Na sani. Kada ki dubi hannuna, dubi kan ƙarhen."

Ta gyara mayafi, ta riƙe ƙotar da hannu biyu, ta buga. Ya ɗaga tambarin ya busa wurin. Sawun kazar ya fito, ya ɗan karkace gefe guda. Usta ya daɗe yana kallonsa, sannan ya mayar da tambarin aljihu.

"Sauran na jiranmu shago," ya ce. "Ɗauko awonki."